Saurayin Cikin Waya

Har yau in Zulfa ta tuna gidan nan na Fagge, ƙamshin turaren wutar surukarta Hajiya Bintu ne ke fara dawo mata. Wata rana, watanta huɗu da aure, tana tsakar gida tana tsinke zogale, wayarta jingine da tasar zogalen.

Wasan labari take yi, irin wanda zanen mutane ke magana, in an zo mararraba a ce ka zaɓi abin da zai faru. Ƙawarta Biriskila ta Sabon Gari ce ta saka mata. Turancin Zulfa ba ƙarfi, don haka tun suna zance kafin aure, mijinta Ikrima ke karanta mata a zaure, ita kuma ta zaɓa. In labari ya ɓaci ya ce a koma baya, ta ce a'a, abin da mutum ya zaɓa ya zauna da shi.

Ba ta ji tahowar Hajiya ba.

"Innalillahi! Wannan wane ƙato ne a wayarki? Ni'ima, zo ki karanta mini!"

Ni'ima, ƙanwar Ikrima, ta san wasa ne sarai, amma ta ce, "Wai ba zai iya rayuwa babu ita ba."

"Hajiya, gem ne fa..."

"Rufe mini baki! A gidan ɗana?"

Da la'asar Ikrima ya dawo daga shagonsa na Kantin Kwari, Hajiya ta danƙa masa wayar. "Yau ɗin nan ka mayar da ita gidansu!"

Kallo ɗaya ya gane wasan ne. Amma ta yaya zai ce wa mahaifiyarsa shi ma yana wasan soyayya? Ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Shirun nan ya fi faɗan yi wa Zulfa ciwo. Ta shiga ɗaki tana ninke atamfofinta, hawaye na ɗiga a kansu. Ya biyo ta.

"Ba komai, Yaya," ta ce a hankali. "Ni dai abin da ya sa nake son wasan, a nan ne kawai ake tambayata me nake so. Da can kai ma kana tambaya."

Ya fita da sauri ya durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, zane ne, ba mutum ba ne. Ni nake karanta mata. Sau uku na gama shi a shago."

"Kai? Da gemunka?"

"Wallahi."

"To karanta in ji!"

Ya karanta: saurayi zai bar mahaifiyarsa ya bi budurwa wani gari, a zaɓa.

"Ya bar uwarsa? Danna a'a!"

Ya danna. Sai ga budurwar tana kuka. Hajiya ta dafe ƙirji. "Kai, wannan wasa ba imani! Yarinyar me ta yi?"

"Ni ban ga gem a nan ba," in ji Ni'ima, "karatu ne kawai."

"Ke yi mana shiru, munafuka!" Hajiya ta juya wajen ƙofar ɗaki. "Zulfa, 'yata, mayar da kayanki. Na zalunce ki, ki yafe mini."

Shekara biyu ke nan da rasuwar Hajiya, Allah ya ji ƙanta. Zulfa ta ci ribar haƙurinta, don tun ranar komai za a yi a gidan sai an nemi shawararta. Iyaye, ku bincika kafin ku yanke hukunci. Maza kuma, kada kunya ta sa ku yi shiru ana zaluntar matanku.