Lambar Babayo a Kan Duwatsu Tara

"Ni fa a Guangzhou, ko ido aka ɗaure mini da tsumma, zan kai mutum inda yake so in dawo da shi lafiya."

Babayo Kallamu ne ya faɗi haka ranar Laraba, a ɗan ofishinsa da ke ginin Tianxiu, yana kaɗa ƙafa yana hura shayi. Shekararsa goma sha ɗaya yana tara wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi kaya yana yi musu lodi. Amma in za a faɗi gaskiya, Guangzhou ɗin da ya sani wuri uku ne: ofis, kasuwannin tufafi na Guangyuan, sai sito. Sinancinsa kuwa bai cika cokali ba.

Alhaji Harouna, babban ɗan kasuwa daga Maraɗi wanda kowane ejan ke zawarcin kayansa, ya ajiye kofi.

"Bon. Tunda hakanan ne, akwai wani tsohon gida da na ji labari, can bayan babbar hanyar Huanshi Lu. An ce an kahwa duwatsu a ciki don tunawa da hwataken da suka hwara zowa garin ga cikin jirgin ruwa, suka zauna har suka mutu ba su koma gida ba. Ina son in gane shi kahin in tahi."

"Wannan gidan?" in ji Babayo. "Alhaji, ai kamar ɗakin gyatumata. Kowane dutse na san sunan mai shi."

Lukman, ejan na ofishin da ke kallon nasa, ya kusa ƙwarewa da shayi.

"Kai da ka ɓata a tashar jirgin ƙasa bara, har wata tsohuwa ta riƙo hannunka ta kawo ka?"

"Ita ce ta ɓata, na rako ta."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, Babayo ya kai su. "Wanda ya san gari, shi ne zan ba kayana na bana duka. Maƙaryaci kuwa, ko katan guda."

Ranar Alhamis da la'asar Babayo ya rufe ofis ya fita neman gidan da bai taɓa gani ba.

Awa biyu yana bulayi. Taswirar waya ta ce ya yi dama, ya yi dama ya tarar da bango. Ya tambayi mai sayar da lemo, ta ce "me yo", wato babu. Ya tambayi mai gyaran keke, shi ma "me yo". Lungunan duk kamarsu ɗaya, wanki na ɗiga a ka, ga warin miyar da bai san da me aka yi ta ba. Ya zagi wayar, ya zagi Lukman, ya zagi bakinsa da ba ya iya zama a rufe. Sau uku yana wuce wata baƙar kyanwa, har ta fara kallonsa kamar ta san shi.

Sai dab da magariba ya ga ƙofar. Katako ne mai kauri, jan fentin ya koɗe, ga allon ƙarfe a gefe irin wanda ake liƙa wa gine-ginen tarihi. Wani tsohon Basine yana shara a bakin ƙofar.

"Ni haw, lawban," in ji Babayo, wato sannu maigida. Ya ɗaga yatsu biyar. "Minti biyar kawai."

Tsohon ya girgiza kai. Ya nuna rana da ke faɗuwa, ya nuna cikin gidan, ya gicciye hannuwa. Ya yi wata doguwar magana.

"To, na ji. Shiye-shiye, na gode."

Da tsohon ya juya zubar da shara, Babayo ya sulale ciki.

Tsakar gida ce 'yar madaidaiciya, an kewaye ta da baƙin bulo, ciyawa ta tsiro a kan rufin. Wata ƙatuwar bishiya ta sako saiwoyi daga sama kamar gemu. Ƙarƙashinta duwatsu tara ne a jere, kowanne tsawon mutum. Rubutun Sinanci a jikinsu, a saman wasu kuma akwai ɗan Larabci da ruwan sama ya cinye.

Babayo ya yi tsaki. Ba abin da zai iya karantawa. Sunaye ba matsala ba ne, yana iya ƙirƙiro tara kafin a ƙifta ido. Matsalar ita ce duwatsun kamarsu ɗaya, kuma ya san halin Lukman: zai tambayi dutse guda sau biyu don ya kama shi.

Sai hannunsa ya faɗa aljihu ya taɓo maka, baƙin alƙalamin nan da yake rubutu da shi a jikin katan.

A aikinsu, ba katan ɗin da ke fita sai da lambar mai shi da adadi: na ɗaya cikin tara, na biyu cikin tara, don mai lodi ya san nawa ne, kada a bar ko guda a baya. Babayo ya yi wannan rubutu sau dubu nawa, hannun ya fi kan saurin tunani. Ya tsuguna bayan dutsen farko, can ƙasa inda ido ba zai kai ba sai wanda ya sani, ya rubuta lambarsa: BBY KANO 1/9. A wayarsa kuma ya sa: na ɗaya, Sharif Saifullahi, mai fataucin turare.

Ya yi 'yar dariya. Lukman zai sha mamaki.

Na biyu. Na uku. Makar tana ƙara a jikin dutse, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Haske yana raguwa. Sauro ya dame shi. A na bakwai wayar ta mutu, ya sake jan tsaki, ya ci gaba.

Ya rubuta 9/9, ya miƙe yana dafe da ƙugu.

A nan ya lura ba ya jin motoci.

Huanshi Lu ba ta taɓa yin shiru. Amma yanzu babu hon, babu babur, babu ko muryar mutum.

Sai wari ya zo. Warin gishiri da ɗanyen kifi, da jiƙaƙƙiyar igiya, da kanumfari.

Wani abu ya yi ƙara a sama, irin kukan katako mai ɗauke da nauyi. Ya lafa. Ya sake yi.

Ƙafarsa ta yi sanyi. Ya duba. Ruwa ne, baƙi, ya rufe masa takalmi, yana zuwa yana komawa a hankali.

Ba a yi ruwan sama ba ranar.

"Mai kaya."

A bayan kunnensa aka faɗa, da raɗa. Bai san da wane yare ba, amma ya gane.

"An sa mana lamba," in ji wata murya daga dutse na uku.

"An sa mana lamba," in ji wata, can ƙarshe.

"Yaushe jirgin zai tashi?"

Babayo ya buɗe baki. "Bayin Allah… ku yi haƙuri. Wasa nake yi."

"Mun daɗe muna jira."

"Wallahi ni ba ni da jirgi. Ejan ne ni kawai."

Ruwan ya kai masa ƙwauri.

"Wa zai raka kayan?"

Ya ɗauko Ayatul Kursiyyu, ya kai rabi, harshe ya sarƙe. Ya koma farko. Makar ta suɓuce daga hannunsa.

Bai ji faɗuwarta ba.

Sai ya ji ta a bayan dutsen farko.

Ƙiiƙ.

Na biyu. Ƙiiƙ.

Ƙofa tana can, taku ashirin. Ƙafafunsa suka ƙi.

Na biyar. Na shida.

Yana ƙirgawa, ba ya so, amma yana ƙirgawa.

Na takwas.

Na tara, dab da gwiwarsa.

Wani hannu mai sanyi ya dafa masa kai ya sunkuyar da shi, kamar yadda wanzami ke yi. Ya ji bakin makar, jiƙe, a ƙeyarsa.

Ƙiiƙ.

Gwaram! Aka buga kwanon ƙarfe a bakin ƙofa. Tsohon ne, riƙe da tocila, yana bugawa yana ihu da Sinanci, amma ko yatsa bai sako cikin gidan ba. Hannun ya saki. Babayo ya kwasa da gudu. Ya bangaje tsohon, ya bar takalmi ƙafa ɗaya, bai tsaya ba sai da ya ji hon ɗin motoci ya cika masa kunne. Wandonsa jiƙe har gwiwa. Mutanen da ke jiran bas suna toshe hanci.

A masauki ya dirje ƙeyar da soso har fata ta yi zafi. Madubi na nan a bango, amma bai yarda ya juya masa baya ba.

Ranar Juma'a ya aika wa Alhaji saƙo cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Alhaji ya amsa da cewa ba komai, ga mota nan har ƙofa. Haka Babayo ya fito, ya naɗe wuya da hirami cikin wannan zafi, yana ta cizon yatsa. Mutum goma sha biyu suka biyo su, don Lukman ya gayyato duk wanda ya gani a masallaci.

"Mutumina, sanyi kake ji?" in ji Lukman.

"Maƙogwaro ne."

"Ai dole, bakin ya sha aiki."

Hanya dai ya gane ta, wannan karon tsoro ya koya masa. Ya tsaya nesa da ƙofar ya soma: "To jama'a, wannan gida da kuke gani, ni da mai gadinsa kamar wa da ƙane…"

Tsohon ya fito. A hannu ɗaya bokiti da buroshi, a ɗayan takalmi ƙafa ɗaya. Ya dangwarar da su a gaban Babayo, ya cafki hannun rigarsa ya ja shi ciki yana masifa, jama'a suka bi.

Da rana tsakar gidan a bushe take ƙamas. Tsohon ya zagaya da su bayan duwatsun, ya nuna.

Lukman ya tsuguna ya karanta da ƙarfi. "B, B, Y, Kano! La ilaha! Jama'a ku zo ku ga, Babayo zai yi lodin tarihin China zuwa kasuwar Kwari!"

Dariya ta ɓarke, har wani yana dafa bango. Alhaji Harouna kaɗai bai yi ba.

"Babayo. Kai ka rubuta wanga?"

Babayo ya dubi ƙasa. "Ni ne, Alhaji. Jiya na fara zuwa. Ban san sunan kowa ba. Na sa ne don kada in rikice, ɗaya zuwa tara."

"Tara?" Lukman ya matsa kusa da dutsen. "Nan ɗaya cikin goma aka sa."

Aka duba na biyu, aka duba na uku, har ƙarshe. Ko'ina an soke taran da layi guda, an rubuta goma a gefe, da wani siririn rubutu mai kyau wanda ba na Babayo ba.

"To ina na goman?" wani ya tambaya.

Tsohon ya tura wa Babayo buroshi. Babayo ya durƙusa zai fara gogewa, hiramin ya warware ya zame ƙasa.

Lukman ne a bayansa. Dariyarsa ta yanke. Ya ja da baya taku biyu, ya taka ƙafar wani bai ce yi haƙuri ba.

"Mene ne?" in ji Babayo, bai ɗago ba. "Lukman, don Allah, me aka rubuta?"

Alhaji Harouna ya sa tabarau, ya sunkuya ya daɗe yana duban 10/10 ɗin da ke ƙeyar, sannan ya miƙe yana salati a hankali.

"Lukman, gobe ka zo ka amshi kayana," in ji shi. "Wanga bawan Allah, shi kanshi jiran jirgi yake."