Ƙarashen Kiɗan Baba Cindo

Ku matso kusa, ku rage murya. Labarin Malam Ashiru ne, mai koyar da kiɗa a kwaleji, wanda kuke gani da yatsa naɗe da tsumma.

Mutum ne mai taurin kai, a wurinsa duk abin da bai shiga takarda ba, ba ilimi ba ne. Wata uku yana zarya ƙauye wurin Baba Cindo mai goge, da rikoda da littafi. Akwai wani kiɗa da tsohon ke yi, amma kullum sai ya ɗauke hannu kafin ƙarshe.

"Baba, ƙarashen fa? Ɗalibaina na jira."

"Ni ma a nan aka tsayar da ni. Ƙarashen na masu shi ne. In ka kai ƙarshe sun zo ke nan, kuma ba sa komawa hannu biyu."

Ashiru ya yi dariya a ransa.

Wata rana ya taso daga ƙauyen da rana tsaka, ya yanke ta hanyar rafi shi kaɗai. A gindin tsamiya ya ji goge. Kiɗan nan ne. Wani dattijo zaune, riga ta rufe ƙafafunsa. Ko tsuntsu ba ya kuka.

"Sannu, Baba."

"Abin da kake nema yana wurina, yaro."

Ashiru ya kunna rikoda.

"Ajiye wannan. Ba haka ake koyonsa ba. Kawo hannunka."

Ya ɗora masa gogen, ya dafa hannunsa, sanyi kamar ruwan randa. Yatsun Ashiru suka kama tafiya kan tsirkiya da kansu. Suka wuce inda Baba Cindo ke tsayawa. A bayan Ashiru ciyawa ta fara kwanciya, ana ta zama, ba a ganin kowa. Dattijon na buga ƙafa yana bin kiɗan. Ƙwas. Ƙwas. Ashiru ya saci kallo. Kofato ne.

Saura taɓi ɗaya kiɗan ya cika. Ya fizge hannun, ya gartsa wa yatsansa cizo, ya yi salati, ya suri jakarsa da rikodar ya zuba da gudu.

"Za ka ƙarasa," aka ce a bayansa, a hankali.

Baba Cindo ne ya naɗe masa yatsan. Rikodar kuwa ba ta ɗauki goge ba, sai numfashin mutane da yawa. Har yau in rana ta take, yatsan na motsi cikin tsumman, yana neman taɓin nan ɗaya. Yanzu in ɗalibai suka tambaye shi ƙarashen, sai ya danne hannun ya ce, "Ni ma a nan aka tsayar da ni."

Ku kuma, kada wanda ya bi hanyar rafin nan shi kaɗai. In kun ji goge, kada ku waiwaya.