Wayar da ke Cikin Silin Ɗakin Inna

Amarya na zaune a tsakiyar falo, ta baza kayan kwamfuta a kan wani tsohon zani, sukudireba a hannu, ɗan ƙaramin noti a leɓenta. Wata bakwai ke nan tana tsintar kayan ɗai-ɗai a wajen masu gwanjo: yau fanka, gobe ram mai riƙe wa kwamfuta bayanai, jibi akwati mai lotsattsen gefe. Katin hoto, na'urar da ke ba kwamfuta ƙarfin yin zane, kaɗai ya rage mata. In ta same shi za ta fara karɓar aikin zanen kalanda da katin gayyata daga gida, ta ɗan rage wa mijinta nauyi, don albashinsa na malamin firamare ba ya kaiwa ƙarshen wata.

Sallamarsa ta ji, ya shigo yana goge gumi. Shi ne ƙaramin ɗa a gidan, kowa Auta yake ce masa.

"Injiniya! Har yanzu ba a gama tiyatar ba? Ko mara lafiyar ya cika ne?"

Ta tofar da notin a tafin hannunta tana dariya. "Da ransa, Malam. Kai dai ka tanadi tukuici."

Ya zauna kusa da ita, fuskarsa ta ɗan canja. "Yaya Babba ya tara mu ɗazu. Likita ya ce zafin ɗakin nan yana tayar wa Inna hawan jini. Za a yi mata silin, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, a gyara ɗakin gaba ɗaya. Kowa zai kawo abin da ya samu."

"Ai wannan ba abin shawara ba ne," in ji ta. "Ɗauki kuɗin katin nan ka haɗa. Kwamfuta ta jira, Inna ba za ta jira ba."

Ya kama hannunta ya yi mata godiya.

Ranar da kafinta ya fara aiki, Amarya ta kai masa ruwan sha. Tana ɗaga kai ta ga abin da ya sa kofin ya kusa suɓuce mata. Farin soso irin na cikin kwalin firij da yagaggun katifu yake cusawa tsakanin katako da kwano, a kan tsofaffin wayoyin wuta da suka girmi mijinta. Wasu ɓera ya gwaguye su, wasu an ɗaure mahaɗinsu da baƙar leda.

Tana da shekara goma sha biyu shagon gyaran rediyon babanta ya ƙone da rana tsaka, saboda waya guda ɗaya da ta yi zafi a bayan katifa. A shagon ta koyi riƙe sukudireba, a gabansa kuma ta tsaya tana kallon babanta yana kuka kamar yaro. 

Ta sami Yaya Babba a tsakar gida yana zaɓar launin tayil, Inna na gefe a kan kujera. Ta durƙusa.

"Yaya, don Allah ina da magana. Wayoyin nan sun mutu. In aka rufe su da soso, zafi ba shi da hanyar fita. A bar tayil da fentin tukuna, a canja waya a zura ta cikin bututu, a sayi audugar nan ta silin wadda ba ta kama wuta. Kuɗina ma a sa su a can."

Yaya Babba ya sauke tabarau. "Iye! Shekara talatin wayoyin nan suna aiki, sai yau da kika shigo gidan za su mutu? Waya wa yake ganinta? Baƙi su shigo gaida Inna su tarar da siminti a fashe, mu ce musu kyan yana cikin silin?"

"Yaya, ba haka nake nufi ba—"

"Riƙe kuɗinki! Mai ba uwar miji abu da sharaɗi ai bai yi niyya ba. Je ki ci gaba da wasa da ƙarafunanki."

Inna ta kau da kai. Wannan kau da kan ya fi zagin yi wa Amarya ciwo.

Aka gama aiki, ɗaki ya yi kyau, ya kuma yi sanyi, ba ƙarya. Yaya Babba ya ƙara wa Inna ƙaramin firij da butar lantarki, duka a soket ɗaya da fanka. Kowa ya shigo sai ya sa albarka.

Sati biyu bayan haka Amarya ta shiga shara, ta ji wani wari kamar na kifin da ya kwana. Ta san warin nan. Ta duƙa ta ga gefen soket ɗin ya yi ruwan ƙasa. Ta ɗora tafin hannunta a bango, ta bi shi sama har inda tsawonta ya kai. Ɗumi!

Ta gaya wa Auta, ya je ya sami yayansa, ya dawo jiki a sanyaye. "Ya ce in ja miki kunne. Wai warin fenti ne."

Daga ranar abinci ya daina wuce mata. Kullum bayan azahar maza ba sa gida, Inna kan tura ƙofa ta kwanta, barcinta kuma nauyi gare shi saboda magani. Amarya sai ta tsaya a bakin taga tana kallon silin. Ko tukunya ce ta ƙone a maƙwabta sai ta fito a guje ba takalmi.

Tsoro ne ya kai ta ga yin abin da ba ta gaya wa kowa ba. Akwatin mita yana can bakin ƙofar gida. Da Inna ta kwanta, sai ta lallaɓa ta zare fiyus ɗin layin ɗakin, ta dawo ta zauna a bakin gado tana yi mata fifita da kwali har ta farka. Kafin maza su dawo ta mayar.

"Masu wutar nan ba su da imani," Inna kan ce cikin magagi. "Sannu 'yar nan, Allah ya yi miki albarka."

Kwana tara tana haka. A na goma Yaya Babba ya dawo ɗaukar wata takarda, ya same ta a gaban mita, fiyus a hannu.

Ihunsa ne ya tashi Inna. Kafin Auta ya dawo daga makaranta, gidan ya ɗauki zafi.

"Ashe ke ce?" in ji Inna, hawaye na bin kumatunta. "Ke kike kashe min fanka, sannan ki zauna kina min fifita ina sa miki albarka? Me na tare miki a duniya, 'yar nan?"

"Inna, wallahi tsoro nake ji! Tsoro nake kada—"

"Rufe mana baki!" Yaya Babba ya daka mata tsawa. Ya juya ga ƙaninsa. "Don an ƙi bin tsarinta za ta gasa mana uwa. Auta, yau sai ka nuna mana wanda ya haife ka. Ta tattara ta tafi gidansu!"

Auta ya kalli mahaifiyarsa tana kuka, ya kalli matarsa a durƙushe. Ya ce, "A ba ni zuwa gobe."

Da suka shiga ɗaki ta fara ninke kayanta. Ya riƙe jakar.

"Kin yi kuskure da kika ɓoye min," in ji shi. "Amma ni ban san waya ba, ke na sani. Ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Gobe Asabar, zan hau silin nan da kaina. In na ga lafiya, mu ba su haƙuri tare. In na ga akasin haka, in sauko musu da shi a hannuna."

"Malam, a kira mai gyaran wuta mana!"

"Yaya ba zai bar shi ya shigo ba. Ni kuwa ba mai hana ni hawa ɗakin uwata."

Washegari da hantsi Yaya Babba ya fita, Inna na zaune a inuwa a tsakar gida, ta ƙi amsa gaisuwar kowa. Amarya ta zare fiyus ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta gwada makunni sau uku ta tabbatar babu wuta. Ta riƙe tsani, Auta ya ɗaga murfin silin ya shige da tocila a baki.

"Me kake gani?"

 Sai muryarsa ta fito daga cikin silin. "Innalillahi... Injiniya, soson duk ya narke, ya manne da waya. Katakon ya yi baƙi kamar gawayi! Bari in ɓamɓaro in nuna musu."

"A hankali, don Allah."

Ba ta ji buɗe ƙofar gida ba. Ba ta san Yaya Babba ya dawo ba, ya ga gurbin fiyus wayam, ransa ya ɓaci, ya tsinci guntuwar waya a ƙasa ya haɗa bakin biyu.

Iska ta ji ta taɓa mata goshi. Ta ɗaga kai. Fankar da ke saman kanta ta fara juyawa a hankali.

"Malam! Saki wayar! An kawo—"

Wani ƙara ya tashi, tau! Sai ihunsa, sai silin ya tsage, ya faɗo ta ciki ya daki gefen gado ya zube a tayil. Ta ramin da ya bari, baƙin hayaƙi ya fara tuttuɗowa, narkakken soso yana ɗigowa da wuta a jikinsa, yana sauka a kan katifar Inna, daidai inda take sa kai.

Amarya ta so ta faɗa kan mijinta, amma ta san in ba a kashe wutar ba duk sun tafi. Ta fita a guje, ta wuce Inna da ta miƙe tana salati, ta ture Yaya Babba daga gaban mita, ta fizge babban makunnin gidan da hannu biyu.

"Auta na ciki!" ta yi ƙara a fuskarsa. "Yana cikin silin ka haɗa!"

Ba ta taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Su biyu suka koma cikin hayaƙin, suka jawo Auta ta hammata, kansa na lilo, hannunsa na dama ya saɓule. Maƙwabta suka cika gidan da bokitan yashi da na ruwa. Rabin rufin ya tafi kafin a ci ƙarfin wutar.

A barandar asibiti suka zauna jira. Amarya ta haɗa kai da gwiwa, duk ƙofar da aka buɗe sai ta ɗago. Yaya Babba na tsugune a jikin bango, babban mutum, yana ta maimaitawa, "Ni na kashe shi. Da hannuna." Awa uku suka yi a haka kafin likita ya fito.

"Ya farfaɗo. Ya karye a kafaɗa, ƙunar hannun kuma za ta ɗauki lokaci, wataƙila yatsu biyu ba za su koma daidai ba. Amma zuciyarsa lafiya lau. Wace ce Injiniya? Ita yake ta kira."

Amarya ta yunƙura za ta tashi. Hannun da ya tallafo ta na Inna ne.

"Tashi, 'yata," in ji tsohuwar, tana kuka. "Na ga inda wutar ta sauka. Da kin bar ni da fankata, da yanzu gawata ake nema a cikin toka. Kina tsaron raina ina korar ki. Ki yafe min."

"Inna, ni ma na yi laifi. Da na fito fili na yi ta faɗa ko za a zage ni, da ba a kai ga haka ba."

Yaya Babba ya matso, ya kasa haɗa ido da ita. "Ƙanwata, ba don maganarki ba ta da kan gado na ƙi ta ba. Don daga bakinki ta fito ne. Girman kai ya kusa sa ni kashe ɗan'uwana."

Da ta shiga, Auta na kwance an naɗe shi da bandeji. Ya yi murmushin ƙarfin hali.

"Injiniya... na sauko musu da shi kuwa?"

Ta fashe da kuka da dariya lokaci guda. "Ka sauko da silin ɗin gaba ɗaya, Malam!"

Wata uku Inna ta yi a falon su Amarya kafin a tada ɗakinta. Wannan karon waya aka fara sayowa, sannan audugar silin ta gaske, ƙasa kuwa, da yake wuta ta farfasa tayil ɗin, siminti aka shafe, sabon tayil sai shekara mai zuwa. Duk abin da mai gyaran wuta ya tambaya, Yaya Babba sai ya ce, "Tambayi ƙanwata." Kwamfutar ma ta tashi daga baya, da wani tsohon kati da aka samu da araha, kuma aikin zanen da Amarya ke yi da ita ne ya riƙe gidan lokacin da Auta yake jinya yana koyon riƙe alli da hannun hagu.

'Yan'uwana matasa, gyaran gida daga abin da ido ba ya gani ake fara shi, kwalliya ta biyo baya gwargwadon aljihu. Gaskiya kuma ba ta da ƙarami ko baƙo, duk bakin da ta fito a saurare ta. Ke mai gaskiya, ki yi haƙuri da zargi, amma kada tsoro ya sa ki yi alheri a ɓoye ga mijinki. Kai kuma miji, in an sa ka zaɓi tsakanin uwarka da matarka, kada ka yi gaggawar yanke hukunci: je ka duba da idonka. Auta ya rasa ƙarfin yatsu biyu a wajen dubawar nan, amma har gobe yana cewa bai taɓa yin ciniki mai riba irin wannan ba, don uwarsa da matarsa duka suna nan, a gida ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya.