Jan Fenti a Bakin Rami

Da azahar, lokacin da duk garin Luque ke barcin rana, aka sace tsohuwar a-kori-kurar marigayi Don Anacleto.

Matarsa, Doña Ramona, ta kai ƙara wurin Sufeto Crispín Ayala.

"Surukina Wilfrido ne, yallaɓai. Tun ƙasar kabari ba ta bushe ba yake son sayar wa 'yan gwangwan ita."

"Na so, ban musa ba," in ji Wilfrido da aka kirawo shi. "Amma motar da ta shekara biyu ba ta tashi ba? Goya ta zan yi?"

Ya ce yana wurin aiki a ranar. Aka bincika, ashe bai je ba. Aka tsare shi.

Bayan kwana uku aka ga motar a bayan wani kango, lulluɓe da tamfol, ɗauke da wata lamba daban. Sufeto ya tsuguna. Ɓarawo da waya yake ɗaure lamba. Nan kuwa an huda ƙarfen, an dasa sababbin notuna irin waɗanda ake matsewa su kama jikin mota. Kowane rami an shafe bakinsa da jan fenti.

Sufeto ya nufi garejin Don Fulgencio, tsohon mai gyaran jikin mota, aminin marigayin. Babu mota ko ɗaya a ciki. Tsohon na shan tereré, shayin ganye mai sanyi, a ƙoƙo shi kaɗai, abin da aka saba zagayawa hannu-hannu.

"Rabona da motar tun ranar jana'iza," in ji shi.

"To, bar wannan," in ji Sufeto. "Lambar motata na karkarwa, Don Fulgencio. Yaya ake dasa notin nan?"

Fuskar tsohon ta washe.

"Ka huda daidai, ɗana. In ramin ya yi faɗi, notin zai riƙa juyawa. Ka goge bakin, ka shafa jan fenti saboda tsatsa, ya bushe. Sannan ka matse a hankali."

"Kowa na shafa fentin?"

"Yaran yanzu? Ina! Duk garin nan ni kaɗai..."

Nan ya gane bakinsa ya tona masa asiri.

"Wilfrido na tsare saboda kai," in ji Sufeto a hankali.

Tsohon ya ajiye ƙoƙon. "Ku sake shi. Mashiririci ne, amma ba ɓarawo ba. Ni na tayar da ita. Shekara arba'in ni da Anacleto muke lallaɓa ta, sai in ji za a yanka ta a auna a sikeli? Zuwa nake in zauna a ciki kawai."

"Me ya sa ba ka ɗaure lambar da waya ba?"

"A motar Anacleto?"

Ya wanke hannu, ya ja ƙofar gareji ya kulle. Ya dubi titi hagu da dama, makulli a hannu, ya rasa wanda zai bar wa.

Sufeto ya miƙa hannu ya karɓa. Suka tafi.