Katakon da Pentti Ya Kawo

Da Reijo ya mayar da rumfar kayan lambunsa sauna, ɗakin wankan tururi, katakon zama kawai ya rage masa. Sai ga yayansa Pentti, wanda suka daɗe ba sa ga maciji saboda rabon gado, ya kawo masa wani tsohon katako mai faɗi.

"Ungo, ƙanena, daga gidanmu na ƙauye na ɗauko. Rabonka ne," in ji Pentti yana murmushi. Har ƙwalla Reijo ya yi.

Ran Asabar da duhu ya shiga, ya hura wuta, ya hau katakon, ya watsa ruwa a kan duwatsun da wutar ta gasa, tururi ya turnuƙe ɗakin. Gumi yana karyo masa, amma katakon sanyi ƙalau. Ya shafa ƙarƙashinsa, ya ji an sassaƙa ƙananan gicciye a jere.

Da tururin ya lafa, sai ga wani tsoho a gefensa, ko ɗigon gumi babu a jikinsa, an ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle.

"Ɗan matsa, yaro," in ji tsohon, bakinsa bai motsa ba. "A kan wannan ake shimfiɗe mamatan gidanmu, kowa da gicciyensa. Pentti bai gaya maka ba? Ai shi ya riƙe ƙafafuna."

Muryar mahaifinsu ce, wanda ya daɗe da rasuwa. Yatsan Reijo ya kai kan gicciyen ƙarshe. Sabo ne fil, alhali tun bayan mahaifinsu babu wanda ya rasu a gidansu, kuma ya san aikin wuƙar Pentti.