Gawar Huraira a Gidan Tamu

A shekarar fari, lokacin da mutuwar yunwa ta daina ba kowa mamaki, Maigarin Guci ya aika wa hukuma a Magariya cewa Huraira, matar Tamu mai awon hatsi, ta rasu, kuma mai wankan gawa ta ƙi taɓa ta. Sufeto Dalhatu ya iso da jandarma biyu da hantsi.

Ya ɗaga zanen da aka rufe Huraira da shi. Ƙashi ne da fata, ga sawun igiya a wuyan hannunta.

"Me ya kashe ta?"

"Yunwa, ranka ya daɗe," in ji Tamu. "Abin da ke kashe kowa."

Sufeto ya dubi tumbin mutumin, ya sa aka buɗe rumbu. Cike yake da gero.

Tata, uwar Tamu, ta rantse ciwon ciki ne ya hana surukarta ci, kuma ƙofarta kullum a buɗe take. Sufeto ya taɓa ƙyauren. Sakatar a waje aka kafa ta, jikin katakon ta ciki duk yagar farce.

Tabawa mai wankan gawa, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta yi magana tana kallon ƙasa.

"Tiya ɗaya ta gero Huraira ta ɗiba ta kai wa uwarta. Tamu ya sayar da awakinta, ya hana danginta shigowa, ya kira ta ɓarauniya a bakin rijiya. Daga nan muka daina ganinta. Na jefa mata ƙuli ta katanga, Tata ta tsince."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na gaya wa mijina, ya ce tsakanin miji da mata ne."

Sufeto ya koma kan Tamu. "Igiyar fa?"

Tamu ya ɗaga kafaɗa. "Tana dukan ƙofa, tana tara mini jama'a. Horo na yi mata. Amma wallahi ban taɓa ɗaga mata hannu ba, tambayi kowa."

"Ka ƙwace dabbobinta, ka kulle ta, ka hana ta abinci har ta mutu. Wanne ne ba duka ba a ciki?"

Jandarma suka sa masa ankwa, suka tasa Tata a gaba. A bakin zaure Tamu ya waiwaya ya kira ƙanensa.

"Lado, kada ka manta ka ba dokina dawa kafin la'asar."