Idon Jarrah

Wata yarinya ce a wani ƙaramin gari da ke gefen filayen kiwo. Ran nan Mamanta ta dawo da kare daga gidan ajiye karnukan da aka yasar. Baƙi ne siriri, kunnuwa a tsaye. Sunansa Jarrah.

"Riƙo aka ba mu, ba namu ba ne," in ji Mama. "In ba a samo masa gida ba cikin wata ɗaya, sai ya koma keji."

Yarinyar ta taɓa ganin kejin nan. Siminti ne da waya, ko wurin juyawa babu. Ta ƙudura a ranta ba zai koma can ba.

Amma fa Jarrah karen kiwo ne, kuma wani irin kare! Ba ya haushi. Kallo yake yi.

Wata rana ta dawo daga makaranta ta tarar da gidan tsit. Ko kukan kaza babu. Ta zagaya baya a hankali. Can a kusurwar shinge ta gan su: kaji bakwai, agwagi biyu, har da kyanwar maƙwabta, duk a cure wuri ɗaya. Babu mai motsi. Jarrah na gabansu, ƙirji a ƙasa, ya kafe su da ido.

"Jarrah?" ta ce.

Ya juyo da idon nan kanta. Ba ta san lokacin da ta ja da baya ta shiga cikin kajin ba.

A mako na uku Mama ta ce Mista Fenwick da matarsa za su zo daga birni su ga Jarrah. A gidan sama suke zaune, kuma kare mai natsuwa suke so.

Sai yarinyar ta yi dabara. Ranar da za su zo ta hau keke da sassafe, Jarrah na bin ta da gudu. Awa uku suna abu ɗaya! Ko da baƙin suka iso, yana shimfiɗe kamar tsumma.

Mama ta shiga haɗa shayi. Misis Fenwick ta shafa kansa.

"Kullum haka yake?"

"Kullum," in ji yarinyar. "Ai barci ne aikinsa."

Suka tafi da shi suna murna.

Bayan kwana shida sai ga motarsu. Jarrah ya sauko ya rame, ƙafafunsa duk ciwo. Bai ko kaɗa wutsiya ba.

"Ku yi haƙuri, ba za mu iya ba," in ji Misis Fenwick. "Tara mu yake yi a kicin ya tsare ƙofa. Bai ciji kowa ba, kallo kawai. In mun fita aiki, inuwa yake bi a bango yana karta har ya yi jini."

Mama ta yi ajiyar zuciya. "To, jibi Litinin watan zai cika."

Yarinyar ta dubi Jarrah. Ta fashe da kuka.

"Mama, ni ce. Ni na gajiyar da shi, na ce musu barci yake yi kullum."

"Ashsha! Me ya sa?"

"Don kada ya koma keji."

"Ke 'yar nan! Ai keji kika tura shi, sai dai mai labule. Yi maza ki ba su haƙuri."

Ta ba su haƙuri, kanta a ƙasa. Daga nan Mama ta miƙo mata takarda da biro. "Rubuta halinsa. Kada ki rage komai."

Ta rubuta: "Ba ya gajiya. Ba ya haushi. Yana tara duk abin da ke motsi. Kallonsa na da ban tsoro." Suka liƙa a shagon abincin dabbobi. Tana ta tunanin wa zai so irin wannan kare.

Asabar ta wuce shiru. Lahadi ma har rana ta yi sanyi babu kowa. Can sai ga wata akori-kura ta tsaya a ƙofa. Wata tsohuwa mai malafa ta sauko, ta ce sunanta Misis Hanrahan, kuma ta ga takardar.

"Ke ce mai karen ban tsoro?" Ta kwashe da dariya. "Tumaki ɗari huɗu gare ni, ga gwiwa ta ƙi. Ku zo mu gwada shi."

A gonarta tumakin sun bazu har gindin tudu. Misis Hanrahan ta yi fito sau ɗaya. Jarrah ya fita kamar an harba shi, duk da ciwon ƙafar. Ya yi musu zobe, ya taho da su ba ko haushi.

"Ya samu gida," in ji Misis Hanrahan. "Sai ƙafar ta warke zai fara aiki."

Yarinyar ta rungume shi tana hawaye, amma na daɗi ne.

A hanyar komawa ta ce, "Mama, abin da na ɓoye shi ne abin da take nema."

"Haka ne, 'yata. Ƙarya ba ta taimakon wanda kike so. Faɗi gaskiyarsa, mai son sa zai zo."